Wasiyya Ta Intanet Da Abin Da Alƙali Zai Karɓa

 Barkanmu da warhaka, mutanen Jangebe da Talatar Mafara, da na Bakura da Maradun, da duk inda wannan murya ta kai. Sharhinmu na yau a kan wasiyya ne, maganar da yawancinmu ba mu son a ɗauko ta muna da ƙoshin lafiya, sai an kai gargara, harshe ya yi nauyi, 'ya'ya sun kewaye mutum suna kasa kunne ko za su tsinci kalma ɗaya.

Abin da ya taso da zancen shi ne wani sabon salo da ya shigo. Yanzu akwai kamfanonin da ke rubuta wa mutum wasiyya ta intanet. Wasu a Legas da Abuja suke, galibi kamfanonin riƙon amana da ke da alaƙa da bankuna. Wasu a Ingila da Amurka suke, har da masu cewa tasu an tsara ta ne bisa shari'ar Musulunci. Yaranmu da ke karatu a Kwalejin Abdu Gusau ko jami'ar jiha da ke nan Mafara suna cin karo da tallarsu a waya, kuma ɗa nagari zai so ya kai wa mahaifinsa labari. To, in mutumin Jangebe ya cika wannan fom, ya biya kuɗi, daga baya ta Allah ta kasance, shin takardar za ta tsaya da ƙafarta a gaban alƙali?

Ga yadda abin yake. Ka buɗe shafin, ka sa sunanka da lambar wayarka. Sai ya shiga jero maka tambayoyi: matanka nawa, 'ya'yanka nawa, gida nawa, asusun banki nawa, wa kake so ya tsaya a kan dukiyarka bayan ranka, wa za a ba me. Ka gama ka tura kuɗi ta waya, kafin shayinka ya huce takarda ta fito da sunanka a sama, an tsara ta da Turancin lauyoyi. A nan mutum zai mayar da waya aljihu, ya ɗauka ya sauke nauyi. Alhali masu gaskiya daga cikin kamfanonin da kansu suna rubutawa cewa sai ka buga takardar, ka sa hannu da alƙalami a gaban shaidu biyu, su ma su sa nasu. Abin da ka saya zubin takarda ne. Wasiyyar tana gaba.

Ba son ransu ne ya sa suke faɗin haka ba, doka ce. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda Turawa suka bar mana, kuma jihohi da dama suka tsara tasu a kanta, ta ce dole wasiyya ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu, shaidu biyu suna wurin a lokaci guda. Sannan dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, a sashe na 17, ta yarda da sa hannu ta na'ura a harkokin ciniki, amma ta ware wasu abubuwa ta ce ban da su, kuma wasiyya na cikin waɗanda aka ware. A wasu ƙasashe an sassauta. Jihar Nebada ta Amurka ta halatta wasiyyar kwamfuta tun 2001. A Ostareliya, a 2017, wata kotu ta karɓi saƙon waya da wani ya rubuta bai ma aika ba, ta ce wasiyya ce. Ingila ta yarda a yi shaida ta bidiyo lokacin korona, daga 2020, ta kuma janye wannan rangwame a Janairun 2024. Wannan duk a can ne. A nan gida, takarda da alƙalami da shaidu ne har gobe.

Amma mu a Zamfara, ba dokar 1837 ce za ta fara tarar gadonmu ba. Tun kafin zuwan Turawa alƙalanmu ke raba gado da littattafan Malikiyya, su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan waƙafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi. Kuma ɗan wannan yanki ne, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999. Saboda haka in rigima ta tashi a kan abin da ka bari, gaban alƙalin kotun shari'a za a je, a Mafara ko Bakura ko Maradun.

To me Malikiyya ta ce? A nan nake so a saurara da kyau, domin mutane da yawa, har da masu ilimin boko, ba su san wannan ba. A Malikiyya, ko da an tsinci takarda da rubutun hannun mamaci, kowa ya tabbatar rubutunsa ne, in bai kafa shaidu a kanta ba, bai kuma ce a zartar da ita ba, alƙali ba ya zartarwa. Dalilin malamai mai ƙarfi ne: ana iya rubuta abu a matsayin tunani, daga baya a sake shawara. Idan rubutun hannunka bai wadatar ba sai da shaida, ina ga fom ɗin da kowa zai iya cikawa da wayarka kana barci? Wasiyyar da ba shaidu kamar rumbu ce da ba jinka, damina ɗaya ta ishe ta.

Sai iyakoki biyu da duk almajiri ya sani. Na farko, wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku. Asalin wannan labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, lokacin da ya kwanta ciwo a Makka, yana da dukiya mai yawa da 'ya ɗaya tilo. Ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Ya nemi rabi, aka hana. Da ya sauko sulusi aka yarda masa, tare da nuna masa cewa sulusin ma da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Na biyu, ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun amince. Allah Ya riga Ya yanka wa kowa rabonsa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176.

Yanzu ku duba fom ɗin da aka tsara don Bature. Shi dokarsa ta ba shi dama ya bar wa matarsa komai, ko ya raba wa 'ya'ya daidai wa daida, ko ya cire ɗa ɗaya gaba ɗaya. Fom ɗin zai tambaye ka kashi nawa za a ba wane, kai kuma ka cika da zuciya ɗaya, ba ka san ka taka iyaka ba. Irin wannan ta taɓa kaiwa har Kotun Ƙolin Nijeriya. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, wani Musulmi ya bar wasiyya irin ta Turawa, ya fifita wasu 'ya'yansa, wanda aka tauye ya kai ƙara. Alƙalin farko, Mai Shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya ce wasiyyar ba za ta tsallake hukuncin Malikiyya ba. A 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncinsa, ta ce dokar 1837 ta ba mutum damar raba dukiyarsa yadda ya ga dama. Bayan haka jihohi irin su Kaduna da Kwara suka sa sharaɗi a dokokinsu cewa wasiyyar Musulmi tana ƙarƙashin shari'ar Musulunci, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ilori ta tsaya a kan wannan sharaɗi a shari'ar Ajibaiye. Abin lura a nan, kowace daga cikin shari'o'in nan shekaru ta ci, 'yan gida ɗaya suna kai ruwa rana a kotu. Takardar da aka rubuta ba bisa ƙa'ida ba ita ce ta jefa su ciki.

Bari in kawo lissafi, don a ga inda wasiyya take zama a cikin dukiya. A ce manomi ya rasu, bayan an yi masa sutura abin da ya bari ya kai naira miliyan 3. Ana bin sa bashin naira 600,000. Bashi ake fara cirewa, saura miliyan 2 da 400,000. Iyakar abin da wasiyyarsa za ta ci shi ne sulusin wannan, naira 800,000. In ya yi wasiyya da sulusin duka, saura miliyan 1 da 600,000, shi ne gado. Iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Matan su raba tumuni, 200,000, kowace 100,000. Saura miliyan 1 da 400,000 a kasa bakwai: kowane namiji 400,000, kowace mace 200,000. Wannan rabo ba ya buƙatar wasiyyarka ko kaɗan, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba haka alƙali zai yi. Inda ake buƙatar bakinka wurare biyu ne: 600,000 ɗin can na bashi, da 800,000 ɗin sulusi.

Sulusin nan kuwa rahama ce da muke wasa da ita. Sau nawa muka ga ɗa ya rasu kafin mahaifinsa, ya bar ƙananan yara a gidan kakansu? A 'yan shekarun nan da aka yi ta kashe magidanta a gonaki da hanyoyi, irin waɗannan gidaje sun yi yawa a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Ranar da kakan ya rasu, in yana da 'ya'ya maza a raye, jikokin nan ba su da gado, baffanninsu sun katange su. Ƙasar Masar ta ga wannan matsala har ta yi doka a 1946 ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wani kaso daga sulusi. Mu ba mu da wannan doka. Ƙofar da ta rage ita ce kakan ya buɗe baki tun yana raye, ya ce gona kaza ko saniya kaza ta marayun wane ce, ya kafa shaidu. Haka agola da ya tashi a hannunka, da almajirin da ya yi maka hidima shekara da shekaru, da rijiya ko makarantar allo da kake so ladarta ta bi ka. Baba, in kana ji na, marayun ɗanka ba su da wanda zai yi musu wannan sai kai.

Kuma kada a ce ai na riga na ba shi tun tuni. A Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da rai da lafiya. Ka ce ka ba wane gona, amma kai kake noma ta har ka kwanta ciwon ajali, to ta koma cikin gado, sai dai in ƙaramin ɗanka ne da kake riƙe masa, kuma ka kafa shaida. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace yawo a zauren rabon gado: “Wallahi baba ya ba ni ita tun yana raye.” Sai a ce wa ya shaida? Sai a yi shiru.

Ni a ganina ma, mafi girman amfanin wasiyya a ƙasarmu ba rabon kyauta ba ne. Lissafi ne. Dukiyar mutumin karkara ba a wuri ɗaya take ba, kuma rabinta a bakin mutane take. Akwai gonar da ka karɓa jingina, wadda ba taka ba ce, da taka da ka jinginar kana jiran ka samu ka fanso. Akwai shanun da ka ba kiwo. Akwai buhunan shinkafa da ka ajiye a shagon wani a kasuwar Talata, da takin da ka ɗauka bashi sai kaka, da zubin adashi da ka kwasa ba ka gama biya ba, da kuɗin marayu ko na masallaci da aka damƙa maka amana. Akwai kuma sabon nau'in bashi da wannan zamani ya kawo mana, bashin kuɗin fansa, wanda ake haɗawa cikin dare, cikin ruɗu, ba mai tunanin takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Mun haddace ta, muna karanta ta a tarawihi, amma 'yan ƙalilan ne ke aiki da ita.

A cikin basussukan nan akwai wanda aka fi dannewa, shi ne na matan gida. Damina ta kama, ba kuɗin taki, uwargida ta kwance 'yan kunnenta na zinariya ko ta sayar da tunkiyarta ta ba maigida. Ya ce in an yi girbi zai mayar. Girbi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Wata ma ragowar sadakinta ne ba a cika ba. Wata awakinta ne ke cikin garken gidan, kowa na ganin na maigida ne. Ranar da aka zo ƙidaya, tana cikin ɗaki tana takaba, kunya da baƙin ciki sun rufe mata baki, maza na zaure suna lissafi. In ta yi magana a ce tun ƙasa ba ta bushe ba ta fara zancen dukiya. In ta yi shiru haƙƙinta ya narke cikin gado, aka raba da ita da kishiyarta da 'ya'yan da ba nata ba. Mamacin kuma yana can da nauyin a wuyansa. Layi ɗaya da zai rubuta, cewa wance tana bi na kaza, awaki kaza nata ne, ya ishe shi ya kuɓuta, ya ishe ta ta samu. Ku kuma iyayenmu mata, wasiyya ba ta maza kaɗai ba ce. Mai tumaki da adashi da kayan ɗaki da filin da ta gada, ita ma tana da abin rubutawa.

Wani zai ce, kakanninmu ba su rubuta ba, kuma sun zauna lafiya. Gaskiya ne, domin suna da abin da ya tsaya musu a madadin takarda. Mai unguwa ya san iyakar kowace gona, liman ya san wanda ya ƙulla kowace jingina, dattawan gari suna nan daram, a inda aka haife su a nan za a binne su. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da ke faruwa in wannan ya rushe. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka kammala a 1978, ruwa ya ci gonaki, injuna suka baje wasu, itatuwa da kunyoyin da ake gane iyaka da su suka tafi. Da aka zo biyan diyya da mayar wa mutane filaye, sai rigimar wa ke da me ta tashi, har ta kai ga abin da ya faru a Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa manoma, aka rasa rayuka a Birnin Tudu da kewaye. Dattawanmu da suka ga wannan suna nan da ransu.

Yau kuma wani abin ne ke share mana shaidu. A shekarar 2021 kaɗai, an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, Allah Ya kuɓutar da su ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A farkon Satumba aka ɗebi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Waɗannan su ne duniya ta ji. Waɗanda ba ta ji ba su ne ƙauyukan da suka watse, dattijon da ya san iyakar gonarka yana gudun hijira a Gusau ko Sakkwato, wanda ya shaida jinginarku an kashe shi a hanyar kasuwa. Abin da aka ajiye a ƙwaƙwalwar mutane yana tafiya tare da su.

To ko wannan ba hujja ba ce ta a kai komai intanet, inda wuta ba ta ci, ɗan bindiga ba ya ƙonawa? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma zan dawo kanta. Amma mu tuna farkon Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Makonni mutane na tafiya har Funtuwa ko Sakkwato don su kira 'yan'uwansu. A cikin waɗannan makonni an yi mutuwa, an yi jana'iza, an zauna maganar bashi. Wanda wasiyyarsa ke cikin wani shafi da shi kaɗai ya san lambar sirrinsa, me iyalinsa za su buɗe? Kuma kamfani na iya rufewa, layin waya in an daɗe ba a yi amfani da shi ba a sayar wa wani.

Akwai kuma tsoron da ya fi wannan, wanda na san yana zukatanku tun da na fara magana. A ƙasar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke cikin gari, wa zai zauna ya jera shanunsa da gonakinsa da kuɗinsa a takarda? Tsoron nan daidai ne, kuma shi ya sa ban yarda mutum ya zuba sirrin dukiyarsa a shafin da bai san masu shi ba. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta dawo da sirrin da ya riga ya fita. Sai dai malamanmu sun yi mana maganin wannan tun ƙarnoni da suka wuce. A Malikiyya ya halatta ka rubuta wasiyyarka, ka naɗe ta, ka liƙe, ka kira shaidu ka ce musu abin da ke cikin wannan takarda wasiyyata ce, ku shaida, a zartar da ita bayan raina. Ba sai sun karanta ba, ba sai an buɗe ba. Dokar Turawa ma ba ta ce sai shaidu sun san abin da ke ciki ba. Ka ga ke nan sirrinka na nan, shaidarka na nan. Abin kiyayewa kawai, shaidun su zama adilai, kuma kada ka sa wanda zai amfana da wasiyyar a cikinsu.

Wani abin da fom ɗin intanet bai san da shi ba, shi ne mutumin da ya fita bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Wasiyya ba ta aiki sai an tabbatar da mutuwa. A Malikiyya, matar wanda ya ɓace in ta kai ƙara, aka bincika ba a same shi ba, alƙali na ɗibar mata shekara 4 sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ake ganin tsararrakinsa sun ƙare, wanda malamai da yawa suka ƙiyasta da 70 daga haihuwa. Hukuncin yana sauyawa gwargwadon yadda aka ɓace, kuma alƙali ne ke tantancewa. A tsawon wannan jira, wa zai noma gonar, wa zai ciyar da yara, wa zai karɓo bashi? Shi ya sa duk mai yawan bin hanyar Gusau ko ta Sakkwato ya kamata, bayan wasiyya, ya naɗa wakili a gaban shaidu, wanda zai tsaya a kan lamurransa in an neme shi an rasa.

Sai kuɗin cikin waya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai sayar da albasa da dillalin awaki sun buɗe asusu, wani a banki, wani a OPay ko Moniepoint. Mutum ya rasu, wayarsa na hannun babban ɗansa, a kulle. Ba wanda ya san asusu nawa ne. In ɗan ya san lambar sirri ya je wurin mai POS ya cire, to ya sani ya taɓa dukiyar magada, har da marayu a ciki, ko da niyyarsa sadakar uku ce. Haka wanda aka rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin makusanci, wannan bai mayar da shi mai kuɗin ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Hanya ita ce a je kotu a samo takardar da banki zai saki kuɗin da ita, a zuba su cikin gado. Amma sai an san da asusun ake nemansa. A ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2024, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba, ana kwashe kuɗinsa zuwa wani asusu na musamman a Babban Bankin. Magada na da damar nema, in sun sani. Saboda haka a cikin wasiyya ka rubuta sunan banki da lambar asusu. Lambar sirri kuwa kada ka rubuta ta.

Ba ina cewa a jefar da waya ba ne. Tana da aikinta, kuma aiki ne babba. In an gama rubutu, shaidu sun sa hannu, a ɗauki hoton takardar a adana, ko a tura wa amintacce ɗaya da ke wani gari, don ko gida ya ƙone akwai madogara. Dattijon da ba ya rubutu, a rubuta masa da ajami ko boko, a karanta masa, a ɗauki muryarsa ko bidiyonsa yana tabbatarwa a gaban shaidun. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar irin wannan a kotu bisa sharuɗɗa, kuma zai taimaki shaidun su tuna. Ma'aikacin da ke da fansho da hannun jari da gida a Abuja, ya nemi lauya ko kamfanin riƙon amana mai rajista, ko ta intanet ne, amma ya kai wa malamin da ya san gado ya duba kafin ya sa hannu. In kuma an haihu, ko an yi aure, ko an biya bashi, a sake sabuwa a yaga tsohuwa, domin mai wasiyya na da ikon sauya ta muddin yana numfashi.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a su ware huɗuba guda a kan wannan, su faɗa wa jama'a cewa rubuta wasiyya ba ya jawo ajali. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba, kuma shi da kansa ya riƙe wannan tun yana saurayi, ya rayu har ya haura shekara 80. Ina roƙon hukumar shari'a ta jiha ta fitar da takardar wasiyya mai sauƙi, shafi ɗaya ko biyu, da Hausar boko da ajami, wadda ta dace da Malikiyya, a ajiye ta a kowace kotun shari'a, a kuma buɗe rajistar da mutum zai kai tasa a liƙe a adana masa. In an yi haka, sai a ɗora takardar a intanet kowa ya sauke kyauta. Masarautun Mafara da Bakura da Maradun su sa hakimai da masu unguwanni su riƙa rubuta duk jinginar gona da aka ƙulla a gabansu.

Kai kuma mai saurarona, kada ka jira a fitar da fom. Littafin makarantar ɗanka ya isa. Yau bayan sallar isha'i ka zauna ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, ka fara da matarka. Ka rubuta amanar da ke hannunka, da wanda kake so ya riƙe maka ƙananan yaranka, da abin da ka ware wa marayun gidanku daga sulusi. Gobe bayan asuba ka tsayar da mutum biyu da ka yarda da addininsu, ka ce su shaida.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya sa mu cika da imani.